Hujin da ke Bangon Iya Mai Wanki

Akwai wani mutum da ake kira Injiniya. Ba laƙabin banza ba ne, injiniyan ne da gaske. Takardar shaidar tana rataye a falonsa, daidai inda idon baƙo ba zai iya kauce mata ba.

Da ya yi ritaya sai ya tara masu aikin sa kai, magina da kafintoci da masu fenti, ya kuma samo masu hali da ke ba da siminti da kwanon rufi. Aikinsu gyara gidajen marasa ƙarfi. Suna sa silin mai tare zafi, da tagogi masu rufuwa ruf, da fitila mai aiki da hasken rana, da murhu mai tsimin gawayi, don gida ya yi daɗin zama ba tare da ya cinye mai shi ba.

A faɗi gaskiya, aikin alheri ne, kuma ko ƙusa ɗaya mutumin bai taɓa kaiwa gidansa ba. Aibinsa guda ne: kunnensa ba ya buɗewa sai mai magana ya yi makaranta.

Gida na tara da suka shiga na Iya mai wanki ne. Ɗaki ɗaya ne da ɗan tsakar gida. A ciki mijinta ke kwance, tsohon direba, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kayar shekara shida da suka wuce. Rufin ya zama rariya. Idan hadari ya haɗo, Iya takan jera robobin wankinta har bisa ƙafafun maigidan.

Cikin mako biyu ɗakin ya koma kamar na amarya. Abu ɗaya ya rage yana tsone wa Injiniya ido: wani huji a can saman bango, kusa da rufi, inda bulo ɗaya ya ɓace.

Ya ce wa tsohon maginin da ke aiki tare da su, "Baba, a toshe wancan."

Iya ta ajiye tsummar da ke hannunta. "Ɗana, da an bar mini shi. Idan ana ruwa, a ciki nake girki."

"Iya, daga yau an daina girki a ɗaki. Za mu yi miki rumfar girki a waje."

"Yaushe?"

"A kashi na biyu na aikin."

"To," in ji Iya. Irin "to" ɗin tsofaffi, wadda ke nufin na ji, amma ruwan sama bai san kashi na biyu ba.

Daga kan gado tsohon direba ya sa baki, maganarsa na jan ƙafa. "Yallaɓai, talabijin ɗina ke nan fa. Ta nan nake kallon ƙadangaru suna dambe."

Aka yi dariya. Baba magini ne kaɗai bai yi ba. Ya matso ya rage murya.

"Yallaɓai, itace yana hayaƙi, ya kore ka waje. Gawayi ba ya gargaɗi. A bar hujin nan."

Injiniya bai rage tasa muryar ba. "Baba, duk wahalar da muka sha don kada iska ta yi ta shiga da fita ne. Ka taɓa ganin firji da huji?"

"Ban taɓa ba. Amma ban taɓa ganin wanda ya kwantar da mijinsa a firji ba."

Wannan karon dariyar ta fi ta farko, har mai fenti ya kusa faɗowa daga tsani. Da Baba ya yi shiru, wataƙila da Injiniya ya sake tunani a hanyar gida. Amma an yi masa dariya a gaban leburori. Ya naɗe hannun riga, ya hau tsani, ya sa bulon da hannunsa, ya shafe da siminti sumul. Aiki ne mai kyau. Ko kai ba za ka gane inda hujin yake ba.

Aka yi bikin miƙa mukulli. Masu ba da taimako suka zo, aka ɗauki hoto, Iya ta sa albarka har muryarta ta dushe.

Bayan mako uku aka tashi da ruwa tun hantsi, kamar da bakin ƙwarya. Injiniya na zaune a falonsa yana jin daɗi, don ya san akwai gida tara da ba a jera roba a cikinsu yau ba. Da la'asar ruwan ya tsagaita, sai ya ce bari ya je ya ga rufinsa da idonsa.

Ya tarar da ƙofar Iya a rufe, tagogi a rufe. Ya yi sallama sau uku. Ya buga. Ya zagaya yana neman inda zai leƙa, babu. Shi ya tabbatar da hakan da hannunsa.

Maƙwabta suka taru aka ɓalle ƙofar. Ta ɗau lokaci, don ƙofa ce mai kyau.

Ɗakin na da ɗumi, a bushe ƙaf, ko ɗigo babu. Sabon murhun na tsakiya, garwashi ya yi jajir, ba hayaƙi ko kaɗan, tukunya ta ƙone ƙurmus. Iya na yashe a bakin ƙofa, hannunta a miƙe wajen sakata. Tsohon direba na kan gadonsa, fuskarsa na kallon saman bango.

Iya ta farfaɗo a asibiti. Shi bai farfaɗo ba.

Likita ya yi wa Injiniya bayani da dogayen kalmomi irin waɗanda yake girmamawa. Da ya tace su, sai ya ga maganar Baba magini ce, an sa mata farar riga.

Kwana uku bai iya zuwa gaisuwa ba. A na huɗu ya je, ya durƙusa a tsakar gidan, ya shirya wa zagi, har yana fatan a yi masa.

Iya ta dube shi da idanun da suka faɗa. "Ɗana, ka zo? Allah ya yi maka albarka. Ka san abin da ya ce mini ran nan, ina hura gawayi? Ya ce, yau shekara talatin rabon da a yi ruwa ban jiƙe ba. Ya ce in gaya maka ya gode."

Injiniya ya miƙe ya fita.

Daga nan gidan Baba magini ya wuce. Bai zauna ba.

"Baba, ara mini guduma da kurfi."

Tsohon bai ce "ai na faɗa maka" ba, ko da yake yana da haƙƙin faɗa. Ya ɗauko kayan, ya saɓa tsani. "Gida nawa?"

"Tara."

Suka fara da na Iya. Injiniya ya hau, ya lalubi inda ya shafe, ya yi ta sara har haske ya faɗo kan gadon da babu kowa a kai.

Daga ƙasa Baba ya ce, "Yallaɓai, ɗan ƙara faɗinsa."

Ya ƙara.

Darasi: Kafin ka toshe hujin da ka tarar a gidan wani, tambayi mai gidan me yake fita ta nan, kuma ka tsaya ka ji amsar. Kyakkyawar niyya ba ta maye gurbin saurare, kuma talaka ya fi ka sanin ɗakinsa ko da kai ka gina masa. Kada a kunna gawayi a rufaffen ɗaki. Tura wa wanda ka san yana taimakon jama'a, musamman wanda ya tabbata ba ya buƙatar karantawa.