Akushin Sulafa da Tattabarun Osama

Ya kai mai karatu mai daraja, da ka dakatar da yatsanka a kan wannan shafi namu mai albarka: ina gaishe ka gaisuwa irin ta mutanen da, ina kuma neman aron hankalinka, domin al'amarin nan ba jita-jita ba ne, a gabana aka yanke shi.

Akwai wani direba mai suna Abakar, Bahaushen Sudan mai zaman hijira a unguwar Ard al-Liwa, wanda Allah ya jarabce shi da son sassaƙa. Ranar hutunsa yakan hau rufin benensu, ya ɗaure gungume a injin da ke juya itace, ya kara masa ƙarfe mai kaifi har kwano ya fito.

Akushin gidansu ya salwanta a yaƙin Khartoum. Saboda haka ya yi wa 'yarsa Sulafa alkawarin sabo, wanda za ta tare da shi ɗakin mijinta. Ya sami ɗanyen itacen mangwaro, ya rarake shi da kauri, ya binne shi cikin ɓarɓashinsa a buhu, domin ɗanyen itace in ya bushe da gaggawa tsagewa yake yi.

Maƙwabcinsa Osama, mai kiwon tattabaru a rufin, ya nemi ɓarɓashin don ya shimfiɗa musu.

"Ka yi haƙuri, ɗan'uwa, sai akushin ya bushe," in ji Abakar.

"Itace ne ko mai jego, da za a lulluɓe shi wata da watanni?"

Da Abakar ya kai uban gidansa Iskandariyya, Osama ya zazzage buhun, ya bar akushin a tsakar rana. Abakar ya dawo ya tarar da tsaga daga baki har gindi, ga biki ya ƙarato, babu halin busar da wani.

"Ma'alish, ya akhi," in ji Osama da Larabci, wato ka yi haƙuri, ɗan'uwa. "Ai ga shi nan ya bushe!"

Fatna matar Abakar ta juya akushin, ta ce, "Baban Sulafa, huda mini gefe da gefe. A garinmu ba a yar da ƙwarya don ta tsage."

Ya huda, ta ɗinke da wayar tagulla, ya cike da gam, ya goge da mai. Sulafa ta rungume shi ta ce, "Baba, hannunka da na Umma a abu ɗaya. Khalas, shi ke nan, ba na son wani."

Maƙwabta suka kawo ƙara gabana, kasancewar ni ne dattijon gidan. Osama ya ce, "Allah gafarta Malam, ai ni na ƙara masa ado." Na umarce shi da ya kama bakinsa.

Darasi: Abin da mai shi ya ce a jira, a jira, ko da ba a gane dalili ba, haƙurin wanda aka cuta kuwa ba ya wanke wanda ya yi cutar. Ku tura wa 'yan'uwa su amfana, ku kuma shaida musu tarar da na ci Osama: mafiya ƙiba cikin tattabarunsa, guda shida, a soye, a gabatar da su ranar walima cikin akushin Sulafa.