Kuskuren da Pak Harjono Ya Ƙi Gyarawa

Shekara tara muka yi muna koyarwa tare da Pak Harjono a wata sakandare a Klaten, a ƙasar Indonesiya, inda ake kiran malami Pak, malama kuma Bu. Gwani ne a lissafi, ba mai musun wannan. Aibinsa ɗaya: bai taɓa buɗe baki ya ce ya yi kuskure ba.

Wata ranar Talata ya rubuta wa 'yan aji uku f(x) = x² + 1, ya ce a cire x a sa a + 3 a gurbinsa. Yana sauri, sai ya manta bai kewaye a + 3 da baka biyu ba. Ya ninka a da kansa, ya ninka uku da kansa, ya rubuta a² + 10.

Wata ɗaliba mai suna Wening, mai ƙarancin magana, ta ɗaga hannu.

"Pak, ni a² + 6a + 10 na samu. Na gwada da a ɗaya, ya kamata a sami sha bakwai, amma na allo sha ɗaya yake bayarwa."

"To, madalla! Yau mun yi sabuwar malama," in ji shi. "Zo ga alli, Bu Wening, ni in koma kujerarki."

Aji ya kwashe da dariya. Wening ta sunkuyar da kai, kowa ya kwafi abin da ke allo.

A ɗakin malamai na gan shi ya ture shayinsa gefe, yana sake lissafin a bayan wata takarda. Ya daɗe yana kallonta.

"Yarinyar ce da gaskiya, ko?" na tambaye shi.

"Ƙaramin abu ne. Zan gyara idan mun zo bita."

Har aka gama bita bai gyara ba. Kullum ya shiga ajin sai ya ga idon yaran, ya ɗaga zuwa gobe.

Bayan wata biyu aka yi jarrabawar shiga makarantar kimiyya ta lardi, wadda Wening ta shekara tana shiri dominta. Irin tambayar nan ta fito har sau biyu. Da sakamako ya zo, maki biyu ne suka hana ta shiga.

Ta same shi a ɗakin malamai, ta gaishe shi da ladabi. Ba ta zo da faɗa ba.

"Pak, da farko na rubuta yadda na sani. Sai na tuna ranar nan, na ce ai Pak ba zai yi kuskure ba. Na soke, na bi naka."

Washegari ya tsaya gaban allo ya gyara lissafin, ya roƙi gafararta a gaban kowa. Amma an riga an rufe ɗaukar ɗalibai.

Mai karatu, kuskure ba ya rage darajar malami, ɓoye shi ne ke ragewa. Idan wanda bai kai ka ba ya nuna maka gaskiya, ka karɓa a ranar. Gyaran da aka jinkirta saboda girman kai, sau da yawa wanda ya amince da kai ne yake cutuwa da shi.