Kurtun Ja da Kurtun Kore

Da sunan Allah, Mai saukar da cuta da maganinta. Ku matso, ku saurara da kyau, domin idan na ƙare ku za ku yi hukunci.

A wani gari na ƙasar Haɗeja an yi wani dattijo, Malam Ɗayyabu, mai rubuta Alƙur'ani da hannu. Kurtu uku ne a gabansa: baƙar tawada ta haruffa, ja ta wasula, da kore wadda ake ɗiga wa wasu alifai. Ya rubuta Alƙur'ani goma sha ɗaya, yana cikin na sha biyu, wanda ya yi niyyar ya zama cikamakin aikinsa, sai tari ya kama shi. Ya rame, yana kwana cikin gumi, har kakinsa ya fara zuwa da jini. Duk da haka ya ƙi asibiti.

Babban ɗansa, Lawandi, shi ya ɗauke shi cak ya sa a mota, Malam yana faɗa yana cewa, "Ni za ka ɗauka kamar buhun gero, don ka ga ƙarfina ya ƙare?" A asibiti aka gwada kakin, aka ce tarin fuka ne, kuma da an ƙara wata guda da sai dai gawa. Nas ta ja Lawandi gefe, ta ce maganin na wata shida ne, ba a tsallake rana, fitsari zai yi ja, kada a tsorata. Amma ɗaya daga cikin ƙwayoyin takan taɓa ido, da zarar ganinsa ya sauya a dawo da shi a ranar. Lawandi ya isar da komai a gida, ban da zancen ido. Ya san idan mahaifinsa ya ji, ba zai haɗiyi ko ɗaya ba.

Rakiya, 'yar Malam, ita ta bar ɗakin mijinta ta dawo jinya. Kowace safiya, kafin ya karya, tana durƙushe da ƙwayoyi da moɗar ruwa. Ita ke buɗe tagogi, ita ke binne kakin, ita ke dama masa kunu idan zuciyarsa tana tashi. Ranar da ya ga fitsarinsa ja, ya rantse jininsa ne ke tsiyaya, ya ture hannunta. Ta ce, "Baba, ka zage ni har azahar, amma sai ka sha." Ya sha. Da ya ce ƙafafunsa suna zugi, ta matsa masa su, ya sha. Da ya ce, "Rakiya, takarda tana yi mini hazo," sai ta zaci wata dabarar ce ta gudun magani, ta yi murmushi, ta miƙa masa ruwa. Ya sha.

Shitu, ƙaraminsu, magidanci ne shi ma, kuma shi ke bitar abin da Malam ya rubuta. Wata rana ya ga wasali kore a inda ja ya kamata. Kashegari ya ga layi guda haka. Amma yaya ɗa zai dubi mahaifinsa kuma malaminsa ya ce ya yi kuskure a littafin Allah? Kunya ta rufe masa baki mako uku, yana kankarewa a ɓoye yana gyarawa. Sai da shafi sukutum ya lalace ya ɗauke shi ya kai wa nas. Ta duba, ta yi salati, ta ce, "Tun yaushe?" A ranar likita ya cire wannan ƙwayar, aka ci gaba da sauran.

Malam Ɗayyabu ya warke daga tari. Huhunsa ya yi lafiya, jikinsa ya dawo. Amma abin da ya rage masa na gani bai wuce ya rarrabe ƙofa da bango ba. Aikinsa ya tsaya a izu na hamsin da bakwai. Yakan zauna da hantsi yana shafa takardun da yatsa, yana karanta su da ka, hawaye yana bin gemunsa. Bai taɓa ɗora wa kowa laifi ba, ya ce ƙaddara ce. Sai dai su ukun sun zo, kowa shi kaɗai, sun faɗa masa abin da suka yi, kuma tun daga nan ba su iya haɗa ido da juna ba.

Rannan ya kira su, ya sa aka ɗaure takardun a gafaka, aka ɗora alƙalaminsa a kai. Ya ce, "Ba ni da abin da ya fi wannan, kuma ba ya rabuwa uku." Ya ɗaga gafakar, bai ma san ta ina kowannensu yake zaune ba.

Ba don Lawandi ba, da bai ga magani ba. Ba don Rakiya ba, da bai shanye shi ba. Ba don Shitu ba, da ko hasken rana bai rage masa ba. Kuma kowannensu yana da hannu a duhun da yake ciki.

To, jama'a, a hannun wa ya dace Malam Ɗayyabu ya ajiye gafakar nan?