Finjalin da Aka Kife

Akwai wani dattijo a Arlit, sunansa Aghali, mai gadin filin da ake binne tarkacen aikin yuraniyom: tsofaffin bututu da gangunan ƙarfe. Ƙarfe ne kamar kowane ƙarfe a ido. Ba wari, ba zafi, amma gubarsa tana cin jiki a hankali, har jikoki.

Ran nan amininsa Ghoumour maƙeri ya zo ya dafa musu shayi a bakin shingen waya. Sai da aka kai zagaye na biyu ya ce, "Tsoho, bututu huɗu kawai. Ɗakin jikata Tekna zan rufa."

"Ba zan ba ka ba."

"Kai! Ƙarfen da aka zubar? Shekara arba'in ina cin wuta da ƙarfe, yau kai za ka koya mini shi?"

"Wanda ka sani daban, wannan daban. Ko da kuka kake, ba zan buɗe ba."

Ghoumour ya kife finjalinsa, ya tashi bai sha na uku ba. Wanda ya san mutanenmu ya san wannan ya fi zagi ciwo.

Magana ta zaga gari. Aka sa wa Aghali suna Mijin Bola. Suna, biki, zaman shayi, ba mai kiransa. Wallahi abin tausayi, mutum ya hura gawayi shi kaɗai, ya sha zagaye uku, ba wanda zai ce masa sukari ya yi yawa. Haka ya yi shekara shida.

Sai ma'aikatan lafiya suka shigo gari da na'urar awon gubar ƙarfen, mai kuka kamar gyare. Gida gida suke bi. Waɗanda suka samo irin ƙarfen ta bayan fage, na'ura ta yi ta ƙara a ɗakunan da 'ya'yansu ke kwana. Aka kware rufi, iyaye mata na kuka.

A ɗakin Tekna, da aka rufa da itacen dabino, tsit.

Washegari Ghoumour ya doso filin, ya ja rawani har ido don kunya. Ya tsaya a bakin shingen.

Aghali bai ɗago ba. Ya tura masa finjali.

"Zauna, maƙerin banza. Na ukunka ne. Kullum sai na wanke finjalin nan naka."

Darasi: Mai hana ka abin da zai cuce ka ya fi mai ba ka abin da kake so. Kafin ka yanke zumunci saboda "a'a", tambayi dalili. Ku tura wa wanda ya taɓa hana ku don alherinku.