Murhun Baba Jatau

To, ku gyara zama. Kai mai latsa waya, sa ta a aljihu, don in na gama tambaya zan yi muku, kuma ba na son wani ya ce mini bai ji farkon ba. Labarin garinmu ne, Gangaren Tsamiya, tun ina da haƙoran shan rake.

Allah sarki, Gangaren Tsamiya! In rake ya nuna aka fara dafa mazarƙwaila, baƙo kan ji ƙanshin garin tun kafin ya hango rufin ɗaki. Ƙanshin kan kama riga, ya kama gemu, har in ka je kasuwar wani gari ba sai an tambaye ka daga ina kake ba. Murhu ɗaya ne a garin, na Baba Jatau, kuma kowa da shi yake cin tuwo: mai rake, mai jaki, mai sare, da matan da ke jera kwanonin zubi. Da farko doki ke juya abin matsewa. Daga baya aka kawo injin gas, wani baƙin dodo mai tari, wanda in ya tashi sai hayaƙinsa ya rufe rana. Wallahi har yanzu ina kewar ƙarar injin nan, ni da na sha zaginsa.

Baba Jatau kuwa mutum ne mai taurin kai irin na gwanaye. Ya gaji murhun daga ubansa, ya kuma gaji wata magana tare da shi, wai mazarƙwaila ba ta kamawa sai da wutar ƙirya. Har cika baki yake yi cewa in ya ɗora ɓalli ɗaya a harshe zai faɗa maka itacen da aka dafa ta da shi. Mu duka mun yarda, wa zai yi musu da shi? Saboda haka kowace shekara gatari na cikin kurmin da ke bayan gari. Tuƙar raken kuwa, wato ɓawon da inji ke tofarwa bayan ya matse ruwan, sai a tara ta tuli guda a bakin rafi, in ta dame mu a cinna mata wuta ta yi kwana uku tana hayaƙi. Ku ji wauta! Muna ƙona wuta a banza a nan, muna sare kurmi don neman wuta a can.

Ƙirya ta ƙare, aka koma marke, aka fara taɓa ɗorawa, ana ce wa tsoho duk ƙirya ce. Sai marmaron da ke fitowa daga kurmin, wanda shi ke shayar da fadamar rake, ya fara ja da baya. Shekarar da ya koma kamar fitsarin akuya, dagaci ya kira Baba Jatau gaban dattawa.

Ya ce, "Malam Jatau, ba ni da abin faɗa a kanka sai alheri. Amma daga bana, ranar da aka sake sare ice ɗaya don murhunka, ranar za a rushe shi."

Baba Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, da me zan dafa? Da yawu?"

Dagaci ya ce wannan kuma shi ya sani. Tsoho ya dawo gida ya kasa cin abinci. Ya tara 'ya'yansa uku, Nomau babba, da Tasalla mai bi masa, da autansu Korau, ya ce musu shi dai dabara ta ƙare masa. Duk wanda ya hana murhun nan mutuwa, shi zai riƙe muciya a bayansa. A wurinmu mai muciya shi ne mai murhu, shi kaɗai ke kunna wutar farko ta shekara, shi ke cewa ruwa ya nuna a sauke.

Tasalla tana aure a wani ƙauye kan tudu, inda ba su da ice ko na sakace, da kara da totuwar masara mata ke girki. Ita ta san abin da mu maza ba mu sani ba, cewa wutar kara ba a cika ta a tafi, ciyar da ita ake yi kaɗan-kaɗan kamar mai jinya. Ta ɗebi tuƙa a buhu ta kai gidanta, ta shanya a kan rufi, ta sa mijinta ya daka mata rake a turmi, ta dafa ruwan a tukunyar miya da wutar tuƙa zalla. Sau biyar tana ƙonewa, na shida ta kama. Ta san in ta faɗa wa ubanta da baki korar ta zai yi. Sai ta jira ranar Juma'a bayan an sauko, yana zaune da abokansa a ƙofar gida, ina cikin masu tsayuwa a wurin. Ta durƙusa ta ajiye faifai da ɓalli uku, biyu daga ragowar bara, ɗaya nata.

Ta ce, "Baba, gardama muka yi da mutanen gidanmu. Wai a cikin nan wacce ce ta ƙiryar gaske?"

Tsoho ya gyara hula. Ya ɗanɗana ta farko ya yamutse fuska, ya ɗanɗana ta biyu ya ce da dama-dama, ya sa ta uku ya lumshe ido. Ya ce, "Wannan ce. Irin ta zamanin babana. Ina kika samo ta?"

Da ta faɗa masa, sai wani tsoho ya kasa riƙewa ya fashe da dariya. Kai, na ji tausayin Baba Jatau a ranar. Ya tashi ya shige gida, kuma wata guda cur Tasalla na zuwa da ƙafa daga ƙauyensu tana gaishe shi, ba ya amsawa. Ta yi kuka har ta rame. Amma da watan ya cika sai ya aika aka ce wa Nomau kada a ƙara ƙona tuƙa a bakin rafi. In ba don ita ba, babu mahaluƙin da ya isa ya kusanci murhun nan da wani abu da ba ice ba.

To, an sami abin ƙonawa, sai aka tarar ba ya isa. Tsohon murhun rami ne mai faɗin baki da kasko ɗaya a kai, in ka zuba tuƙa sai ta yi bal ta tashi sama, rabin wutar na lasar iska. Tulin da muke gani kamar dutse, a lissafin Nomau ko rabin kaka ba zai kai ba. Nomau bai yi boko ba, bai taɓa wuce kasuwar gaba ba, amma shekara ashirin yana tsugune a bakin wutar nan. Ya ce wutar da ke babbake masa gemu kullum ai ba ta dafa komai, ita yake so ya kama ya sa ta aiki. Abin da ya yi, ba kowa zai iya ba. Ya ɗauki diga ya rushe murhun da kakansa ya gina da hannunsa, ubansa na tsaye yana kallo, hawaye na bin gemunsa. Ya haƙa dogon rami kamar kwari, ya gina shi da jar ƙasa, ya jera kasko uku a kai, ya tayar da doguwar hanyar hayaƙi a ƙarshe. Wuta ɗaya za ta tafasa na farko, ta wuce ta zafafa na biyu, ta ɗumama na uku, kafin ta fita ta riga ta gaji. Ginin farko hayaƙi ya dawo masa a fuska. Na biyu ya tsage. A na uku kasko ya goce, ya tare shi da hannu don kada ruwan ya kwarare kan masu aiki, yatsunsa biyu na dama suka naɗe, ba su ƙara miƙewa ba har ya koma ga Allah. Amma murhun ya ja wuta, yana wani gurnani mai daɗin ji, kuma abin da da yake dafa kasko ɗaya ya koma dafa uku.

Muka ce shi ke nan, an gama. Ina! Tuƙa na fitowa daga inji sharkaf, ga raɓar fadama, sai ta yi kwana shida a shanye ba ta bushe ba. Ruwan rake kuwa ba ya jiran kowa, in aka matse da safe ba a dafa ba, kafin la'asar ya yi tsami. Aka zubar da duro biyu a rana ɗaya. Masu jakai suka fara kallon kurmi ta wutsiyar ido, wani ma har ya wasa gatari.

A nan Korau ya shigo. Shi bakanike ne a wata masaƙa a Kaduna, yana kula da manyan injuna, yana da ɗaki mai lantarki da albashi duk wata. Ya nemi hutu aka hana shi, sai ya ajiye musu aikinsu ya hau mota, matarsa na kuka tana cewa ya haukace. Da ya iso bai ko kalli murhu ba, wajen injin ya nufa. Ya tsaya yana saurarensa kamar mai sauraron ƙirjin majinyaci, ya ce wa Nomau, "Yaya, dodon nan rabin man da kuke ba shi amai yake yi da shi." Ya kwance shi ƙusa-ƙusa a kan tabarma, ya wanke, ya gyara, ya mayar. Baƙin hayaƙin nan ya koma siriri fari-fari, jarkar da ke ƙarewa da azahar ta koma kai mu magariba. Sa'an nan ya kai hannu kusa da salansar injin, inda hayaƙi ke fita, ya janye da sauri, ya ce wannan zafin ma ba za a bar shi ya tafi a banza ba. Ya haɗa mata dogon bututu, ya bi da shi ƙarƙashin wani gado na kwanon rufi, ya lanƙwasa shi ya dawo ya sake komawa, aka riƙa baza tuƙa a kai. Wadda aka matse jiya, yau ta bushe ƙayau tana ƙaras-ƙaras. Bai tsaya nan ba, ya rataya wa injin wani bel ya ɗaura masa kan janareto, ƙarfin da ke tafiya a iska ya zama wutar lantarki. Ranar da ƙwai ya kama a masallacinmu, liman ya yi ta kallonsa har ya manta inda ya ajiye carbi. Korau kuwa bai ƙara samun aikin birni ba, a garin ya tsufa da baƙin mai a farce.

Kakar nan ba a sare ko reshe ba. Ba kuɗin saran ice, mai ya ragu da rabi, ga mazarƙwaila ninki, har masu rake na ƙauyukan gefe suka riƙa kawo nasu. Sararin garin ya washe, tsofaffi suka daina tarin da suka ɗauka na tsufa ne. Yanzu nakan ji a rediyo ana ta bayani wai hayaƙi ke sa duniya zafi, a rage shi. Mu ba mu san wannan ba, mu dai murhu muke ceto. Bayan damina uku marmaro ya dawo da ƙarfinsa, dagaci da kansa ya zo ya tsuguna ya sha da tafin hannu.

Saura alkawari. Duk shekara dattawa kan tuna wa Baba Jatau, shi kuma ya ce a bari sai baɗi. Na taɓa tambayarsa mu biyu, ya ce mini, "In na ba Tasalla, da wane ido zan kalli hannun Nomau? In na ba Nomau, me zan ce wa yaron da ya zubar da aikinsa? In na ba Korau, ita wadda na yi wata ban amsa gaisuwarta ba fa?" Yana cikin wannan jinkiri, a damina ta huɗu, zazzaɓin kwana biyu ya ɗauke shi. Allah ya ji ƙansa.

Gida da gona aka raba yadda shari'a ta ce, ba wanda ya ɗaga murya. Muciya ce ba ta rabuwa. Su ukun ba faɗa suka yi ba, kowa dai ya kama bakinsa, kuma ba wanda ya yarda ya miƙa hannu ya ɗauka a gaban 'yan'uwansa. Rake ya nuna a fadama har ya fara fitar da kai, zaƙinsa na komawa ƙasa. Masu jakai na zaune a gindin bango. Ga tuƙar bara a bushe, ga inji da mai a ciki, ga kasko uku a wanke, amma murhun da dagaci bai kashe ba yana nan sanyi ƙalau, don ba mai ikon kunna masa wuta. Mata suka fara zuwa ƙofar dagaci suna tambaya ko yunwa ake so ta kashe su. Sai dagaci ya tara mu, mu bakwai daga cikin manyan gari, ya ce kada wanda ya tashi sai an fitar da suna ɗaya.

Na san abin da muka yanke, kuma har yau akwai ranar da nakan ce mun yi daidai, akwai ranar da nakan ce mun ci amanar mutum biyu. Ba zan faɗa muku ba sai na ji naku. Ga wadda ta karya taurin kan ubanta ta sha fushinsa, ga wanda ya rushe ginin kakansa ya bar yatsunsa a wuta, ga wanda ya baro birni ya kama zafin da ke tsere mana. Rake na lalacewa, kada ku ce mini a ba su duka. A hannun wa za ku sa muciyar nan?