Ranar da Hamdiya Ta Goge Tsagar Mahaifinta

Akwai wata yarinya a wani ƙauye kusa da Gidan Sori, sunanta Hamdiya. Labarinta nake so in ba ku yau, musamman ku masu gyara hotuna a waya har uwar da ta haife ku ta kasa gane ku.

Abin ya faru ne a lokacin riƙon ƙwarya, ƙarshen shekarar 2010, da sojoji suka ce za su mayar da mulki ga farar hula. Ƙasa ta ɗauki zumuɗi. Duk gindin bishiya ya zama wurin taro, duk mai shayi ya zama masanin siyasa, babura na ta kai-komo da tutoci.

A lokacin Hamdiya na jami'a a Maradi, tana koyon aikin hoto da sauti da zane a kwamfuta. Ita ce ta farko da ta kai jami'a daga ƙauyensu. Kuma tana da hannu, wannan ba a ja. A ajinsu in aka ba su hoton mutum a gyara, kafin sauran su gama kunna na'ura ita ta cire ƙuraje, ta share gumi, ta haskaka fata. Yabon ya yi yawa har ya fara hawa kanta.

Da ta zo hutu ƙarshen Disamba da 'yar kwamfutarta a jaka, sai ta tarar da gida ya cika da baƙi. An tsayar da mahaifinta, Malam Safiyanu, takarar konseye, wato ɗan majalisar ƙaramar hukuma.

Malam Safiyanu maginin rijiya ne. Shekara talatin yana shiga rijiyoyin yankin, babu ƙauyen da bai sha ruwan hannunsa ba. Mutane ne suka matsa masa, suka ce suna son wanda ya san zurfin wahalarsu ya zauna inda ake yanke maganar ruwa. Bagobiri ne na asali, da tsagarsa layi-layi tun daga gefen baki har kusa da kunne.

Inusa, abokinsa da ke yawo da shi a babur wajen neman ƙuri'a, shi ya kawo maganar.

"Kowa ya manna hoto nai ga bango, mu kaɗai munka rage," in ji shi. "Ga ɗiyarmu ta zo da ordinatar, kwamfutar nan tata. Wa za mu nema kuma?"

Murna ta kama Hamdiya har ta kasa cin abinci. Ranar da take jira ke nan, ranar da ƙauye zai ga abin da ake koya a jami'a. Ta sa mahaifinta ya saka farar rigarsa ta Juma'a, ta tsayar da shi jikin bango, ta ɗauki hoto. Ta kai kwamfutar wurin mai cajin waya ta cika ta, ta dawo ta zauna a inuwa.

Ta gyara haske. Ta miƙe hular da ta karkace. Daga nan ta matso da fuskar kusa, sai ga tsaga ta cika mata allo. Ta tuna hotunan manyan 'yan takara da ta gani a Maradi, fuskokinsu sumul kamar an shafa musu man shanu. Ta ce a ranta, babana ma ba zai fito kamar ɗan ƙauye ba.

Layi bayan layi ta bi tana gogewa. Aikin ya yi kyau ƙwarai, babu wanda zai ce wuƙar wanzami ta taɓa wannan kumatu. Don ɗoki ta ajiye sabon a kan na asali, na cikin kyamara kuma ta share shi don ta samu wuri.

Inusa ya kai aikin Maradi, ya dawo bayan kwana uku da hotuna ɗari uku ɗaure a bayan babur. A hanya ya buɗe ɗaya ya duba, gabansa ya faɗi, amma ya ce wa kansa 'yar jami'a ta fi shi sanin abin da take yi.

Malam Safiyanu ya karɓi ɗaya. Ya daɗe yana kallo. Hamdiya na durƙushe gefe, kanta a ƙasa, tana murmushi tana jiran yabo.

"Allah shi yi maki albarka," ya ce a hankali, ya ɗauki igiyarsa ya fita.

Ita kuwa ta ɗauka yabon ke nan. Kafin la'asar samari sun bazu da hotunan, an manna su a bishiyoyi da bangon shaguna har ƙauyuka goma sha biyu.

Kwana biyu kacal maganganu suka fara dawowa. A ƙauyuka na nesa aka ce jam'iyya ta janye Safiyanu mai rijiya ta sa wani ma'aikacin buro, wato ofis, daga Yamai mai irin sunansa. A na kusa, inda aka gane hularsa da hancinsa, maganar ta fi ciwo. Cewa aka yi tun bai ci zaɓe ba ya fara jin kunyar Gobirawa, to ina ga ya hau kujera? 'Yan adawa ba su ƙirƙiri komai ba, hoton kawai suke nunawa suna dariya.

Sai ga saƙo daga Jaye, wani dattijo da ƙauyuka huɗu ke jin maganarsa, wanda tun farko ya ce yana bayan Safiyanu. Inusa ne ya kawo shi, fuskarsa babu walwala.

"Ya ce Safiyanu sunka sani. Wanda ke ga takarda ba su san shi ba, ba su kau jefa ma baƙo ƙuri'a."

Saura kwana biyar a yi zaɓe.

Ana cikin haka Gwaggo Tala, yayar Malam Safiyanu, ta shigo gidan da hoto ɗaya da ta ɓamɓaro daga bishiya. Mace ce da ba ta zagaye-zagaye. Ta shimfiɗa shi gaban Hamdiya.

"Ke 'yar lakol, wane ne wanga?"

"Baba ne mana, Gwaggo. Gyara shi na yi, haka ake yi yanzu."

"Gyara? Lalacewa ya yi da za ki gyara shi? Ni na goye shi ga bayana, ban san wanga mutum ba."

Hamdiya ta so ta yi bayanin yadda ake aikin zamani, amma tsoro ya shige ta. Ta ruga ta buɗe kwamfuta, ta nemi hoton asali sama da ƙasa, babu. Ta ce to a ɗauki sabo. Inusa ya girgiza kai, ya ce gidajen buga takardu na Maradi duk sun cushe da aikin jam'iyyu, wanda ya kai nasa yau sai bayan zaɓe zai karɓa.

Hamdiya ta zauna. Can ta ɗago, idonta a kan bik, wato biron da ke aljihun Inusa.

"In na mayar da ita da hannu fa? Zane ai shi muka fara koya kafin a bar mu mu taɓa ordinatar."

Inusa ya zaro bik ɗin da sauri ya miƙa mata. Ta ɗora bakinsa a kan kumatun hoton, sai hannunta ya tsaya. Nawa ne layukan? Daga ina suke farawa? Ta yi awa biyu tana goge su a allo, amma ba ta ƙirga ko sau ɗaya ba. A fili kuwa, ita 'yar fari ce. Tun da ta yi wayo ba ta taɓa tsayar da ido a fuskar mahaifinta ba, gaisuwa ma kanta a ƙasa take yi.

"Gwaggo, guda nawa ne?"

"Ni kika tambaya? Da za ki goge kin tambaye ni? Ga shi can bayan gida shina gyaran igiya. Tahi ki duba."

Tafiyar ba ta kai taku ashirin ba Hamdiya ta iske mahaifinta. Ta durƙusa gabansa.

"Baba, ina neman izini in dubi fuskarka."

Ya ajiye igiyar. Bai tambaye ta dalili ba, ya juyo ya fuskanci rana don ta gani da kyau.

Ta ɗaga kai. Bakwai a dama. Shida a hagu. Na uku a hagun ya ɗan karkace, ya tsaya bai kai inda 'yan uwansa suka kai ba. Ta ga furfura a gemunsa, ta ga ƙananan tabo a goshi inda duwatsun rijiya suka sha faɗo masa. Ba ta san ya tsufa haka ba.

"Atishawa babanki ya yi wanzami na cikin aiki," in ji Gwaggo Tala daga bayanta. "Ina tsaye. Babanmu ya yi ta dariya, ya ce wanga ko cikin Gobirawa dubu ba shi ɓacewa."

"Baba, me ya sa ba ka yi magana ba ranar da ka gani?"

"Na ga kin yi murna," ya ce. "Aikinki na farko ne. Na ce gara in faɗi zaɓe da in kashe maki zuciya."

Nan hawaye suka ƙwace mata. Kunya ta ji, irin wadda ba ta taɓa ji ba, da kuma son wannan tsoho da ya zaɓi a yi masa dariya a ƙauyuka goma sha biyu don kada ita ta ji ciwo.

Ta share ido ta zana na farko a gabansa, tana dubawa tana ja. Da ta gama ta ɗaga. Gwaggo Tala ta karɓa, ta kai shi nesa, ta kawo shi kusa.

"Yauwa, ga ƙanena."

Daga nan gidan ya rikiɗe. Inusa ya bi shaguna ya kwaso duk baƙin bik da ke ƙauyen. Malaman lakol, wato makarantar boko, su biyu suka zo, matan unguwa masu zanen lalle suka zo, su kuwa hannunsu ya fi na kowa daidai. Hamdiya ta tsaya gabansu kamar malamar jami'a tana nuna yadda ake bin lanƙwasar kumatu.

"Bakwai dama, shida hagu, na uku ya karkace. Kada wanda ya miƙe shi."

Washegari da safe babura uku da amalanke ɗaya suka fita. Duk ƙauyen da suka shiga sai mutane su taru su ga masu yi wa takarda tsaga. Ana dariya, ana ƙirgawa tare da babbar murya, wata tsohuwa har ta yi guɗa da aka ja layi na ƙarshe. Labarin ya riga su isa ƙauyen gaba, suka riƙa tarar da jama'a na jiransu a gindin bishiya. Taron da suka tara a kwana biyu ya fi na masu lasifika.

Saura ƙauyen Jaye, ranar kasuwarsu. Hamdiya ta ce wannan ita za ta yi da hannunta.

Suka same shi zaune kan tabarma a rumfar masu goro, hoton na manne a ginshiƙin da ke gabansa. Ta gaishe shi a durƙushe, sannan ta yi magana yadda duk rumfar za ta ji.

"Baba Jaye, ni na goge. Babana bai sa ni ba, bai ma sani ba sai da aka bugo. Na ɗauka gyara nake yi."

Ta miƙe ta fara zane. Kasuwa ta yi tsit a wannan ɓangaren. Da ta gama ta ja baya.

Tsohon ya dafa sandarsa ya tashi. Ya ɗora yatsa a kumatun dama ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya. Ya koma hagu. A na uku yatsansa ya tsaya.

"Har da karkataccen," ya ce. Ya juyo ga mutanen rumfar. "Shi ne. Wagga huska na gani tana hitowa daga rijiyarmu shekarar da ta rubza. Ku gaya ma mutane Safiyanu na nan."

Rumfar ta kaure da hayaniya. Inusa don murna ya tayar da babur ya manta da Hamdiya, sai da ya yi nisa ya dawo.

Ranar zaɓe mutane suka fito tun da hantsi, maza layi, mata layi. Da aka ƙirga, Malam Safiyanu ya samu kujerarsa, kuma ƙuri'un ƙauyukan Jaye ne suka tsallakar da shi. Da waɗannan ƙauyuka huɗu sun zauna gida, da ya faɗi.

Ranar da Hamdiya za ta koma Maradi, motar haya na jira a bakin hanya, ta fito da kyamara ta ce tana son hotonsa guda ɗaya na tafiya da shi. Yana cikin kayan aiki, laka har gwiwa. Ta ce kada ya canza komai.

Ya tsaya, ya dube ta, ita ma ta dube shi.

"Ɗauka, ɗiyata," ya ce. "Amma wanga karo ki bar mani kayana."

Darasi: Ilimin da ya sa ka fara ganin iyayenka a matsayin abin gyara, ka tsaya ka sake duba shi. Kafin ka goge wani abu a jikin mutanenka don kana ganin bai dace da zamani ba, tambayi wanda ke ɗauke da shi me yake nufi a wurinsa. In kuma ka yi kuskure, ka fito fili ka ce ni ne, ka gyara da hannunka. Ku tura wa ɗalibanmu na jami'a, da duk wanda ya daɗe bai dubi fuskar mahaifinsa da kyau ba.