Ranar Da Mota Ta Danne Hamidu

Hamidu direban tifa ne a wajen aikin madatsar ruwa ta Bakolori, can kusa da Maradun, amma gidansa yana Talata Mafara, inda yake zaune da matarsa Taiba da tsohuwarsa Dada. Mutum ne mai ƙwazo da kyauta. Aibinsa ɗaya, garaje. In ya so abu, to sai a yi shi yanzu, kalmar "bari sai gobe" kuwa zagi ce a kunnensa.

Da ya ga aikin madatsa ya kusa ƙarewa, sai ya sayi wata tsohuwar a-kori-kura da aka yasar a Bakura, aka janyo masa ita har bayan gidansa. Niyyarsa in an fara noman rani sosai ya riƙa ɗaukar albasa da tumatir zuwa Gusau. Duk ranar hutu yana gindinta yana gyara. Abokansa suna ta yi masa ba'a, wai ya sayo wa kaji akurki. A hankali inji ya tashi, fitilu suka kama. Abin da ya rage shi ne aksul na baya, wato ƙaton ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya, don nata ya lanƙwashe. Ya samo wani a wajen 'yan gwangwan.

Ranar wata Talata da safe, wansa Bawa ya biyo zai tafi kasuwa, ya tarar da shi ya baje sifanoni a ƙasa. Bayan sun gaisa sai Bawa ya taka ƙasar wurin, ya ce, "Hamidu, ƙasag ga danya ta, shekaranjiya aka yi ruwa. Ka bari in samo maka kututture mu tokare ta, mu kira mutum biyu su kama."

Hamidu ya ce, "Yaya, aikin mi na wanga da sai an tara gayya? Kafin kasuwa ta watse za ka gan ni cikinta."

"Mota ba a shiga ƙarƙashinta da gardama. Ka jira ni."

Hamidu ya ce to, amma a baki kawai. So yake ya shiga kasuwa da motar yau, masu yi masa dariya su gani.

Bawa na ba da baya Hamidu ya ɗaga motar da jak. Gefe ɗaya ya jera tubalan ƙasa da suka rage na ginin katanga, ɗaya gefen ya bar shi a kan jak. Ya cire tayoyin baya, ya kwance tsohon aksul, ya ja shi waje da ƙyar. Ya tura sabon, ya kwanta rigingine ya shige ƙarƙashi don ya ɗaure shi da sifirin, wato ƙarafan da ke haɗa shi da jikin motar. Wani ƙarfe ya ƙi shiga raminsa. Maimakon ya fito ya gyara zaman abin, sai ya ɗauki guduma ya shiga duka.

Bai ji tubalan suna rugujewa ba sai da ƙura ta zubo masa a fuska. Motar ta karkace ta sauko. Aksul ya danne masa hannun dama, ƙasan motar ya taɓa ƙirjinsa. Ya yi ƙara ɗaya, numfashi ya ƙi fita.

Taiba tana wanke-wanke ta ji ƙarar. Ta fito a guje, ba ta ga komai ba sai ƙafafunsa suna shure-shure. Ta ɗora hannu a ka ta ce, "Innalillahi! Dada! Dada, ki taho, mota ta danne Malam!"

Ta kai hannu za ta juya jak. Hamidu ya ce da ƙyar, "Kar ki taɓa. Shi kaɗai ya rage."

Nan ta lura da abin da ya fi tsorata ta. Gindin jak yana nutsewa cikin danyar ƙasa, kansa yana sunkuyawa kaɗan-kaɗan. In ya zame, duk nauyin motar a ƙirjin mijinta zai sauka. Ta ƙwala kiran maƙwabta, babu wanda ya amsa, unguwa duk an tafi kasuwa.

Dada ta iso tana dogara bango. Ta durƙusa ta leƙa, ta ga idanun ɗanta sun firfito. Ta ce, "Hamidu, kana ji na? Ka yi ta salati." Sannan ta juya ga surukarta. "Turmi, ɗiyata! Mu gangaro turmi!"

Su biyu suka mirgino babban turmin daka daga tsakar gida, tsohuwa tana faɗuwa tana tashi. Suka kwantar da shi suka tura ƙarƙashin motar, kusa da kafaɗar Hamidu. Ko hannu ba su gama janyewa ba jak ya fizge ya yi gefe. Motar ta faɗa kan turmin. Turmin ya yi ƙara, ya tsage daga baki, amma ya riƙe.

Hamidu yana kallon tsagar nan tana ƙara buɗewa dab da fuskarsa. Ya ce, "Inna, ki gahwarta mani. Ban tsammanin ina fita."

Dada ta riƙe ƙafarsa tana kuka, ta ce, "Yi shiru, Allah na nan."

Taiba kuwa ta zura a guje, ba takalmi ba mayafi, ita da ba ta taɓa fita da rana ba. Ta tsaya tsakiyar titin Sakkwato tana ɗaga hannuwa, har wata motar 'yan kasuwa ta taka birki a gabanta. Maza suka diro suka biyo ta. Suka zaro azara daga rumfa, suka sa ƙarƙashin motar, suka haɗa ƙarfi da kabbara suka ɗaga. Aka janyo Hamidu a sume. Suna sakin azarar turmin ya rabe biyu.

Ana cikin ɗaukarsa sai ga Bawa da jaki ɗauke da kututture. Ashe ya bar cinikinsa ya dawo da wuri, don hankalinsa bai kwanta ba. Ya tsaya yana kallon ƙanensa.

Hamidu ya daɗe a asibitin Gusau. Haƙarƙarinsa da suka karye sun warke, amma hannun dama ya shanye, yatsun ba su ƙara damƙe sitiyari ba. Tifarsa aka ba wani. Ranar da Bawa ya zo ɗaukarsa gida, Hamidu ya buɗe baki zai ba shi haƙuri, Bawa ya tare shi ya ce, "Bar shi, ƙanena. Da hannu ɗaya ka dawo, da kuwa makara za mu ɗauka."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, gaggawa ba ta rage aiki, sai dai ta ƙara masa asara. Hamidu ya ƙi jiran wuni guda, ya rasa sana'arsa har abada, ya kuma jefa mahaifiyarsa da matarsa cikin tashin hankalin da ba su ne suka jawo ba. In wanda ya girme ka ya ce ka dakata, ka dakata. Kada son burge mutane ya sa ka kwanta ƙarƙashin abin da ba ka tokare da kyau ba, domin masu dariyar da kake son rufe wa baki ba sa nan ranar da zai faɗo.